Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga NITDA da Galaxy Backbone: in an kwashe manhajojin gwamnati zuwa gajimare, makullin a hannun wa zai zauna?

Zuwa ga shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, da shugabannin Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya mai samar wa hukumomi intanet da wurin adana bayanai, da duk manyan sakatarori da daraktocin da sai sun sa hannu ake sakin kuɗin aikin kwamfuta a ma'aikatun tarayya da na jihohi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya taya ku riƙo.

Ni ma'aikaci ne a sashen kwamfuta na wata ma'aikatar gwamnati a nan arewa, irin mu ɗin nan da ake kira in firinta ta ƙi aiki ko netwok ya ɗauke, kuma mu ne dai ake nema ido rufe ranar da fotal ta faɗi ana tsaka da shirya albashi. Na rubuto ne kan maganar da ta cika taruka yanzu, ta kwashe manhajojin gwamnati daga tsofaffin sabobin da ke ofisoshinmu, manyan kwamfutocin nan da manhajoji ke zaune a kansu, a mayar da su gajimare, wato a ɗora su kan kwamfutocin manyan cibiyoyin adana bayanai, mu riƙa shiga ta intanet muna biyan kuɗin haya.

Ina goyon bayan wannan aiki ɗari bisa ɗari, kar ma a yi min wata fassara. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin saba a irin ofisoshinmu ya san halin da ake ciki, esi ya lalace tun bara, batiran UPS masu riƙe injin in an ɗauke wuta sun kumbura, ƙurar hunturu ta cika injin, in an ɗauke wuta sai an jira mai janareta, shi kuma mai janareta yana jiran a sa hannu a takardar dizal. A irin wannan ɗakin ne ake ajiye sunayen ma'aikata dubbai da bayanan fanshonsu. To wa zai ce a ci gaba a haka? Tun 2019 NITDA ta fitar da manufar gajimare ta ƙasa wadda ta ce hukumomi su fara duba gajimare kafin su sayi sabuwar saba, Galaxy Backbone na nan tun 2006, tana da cibiya a Abuja, ga wadda aka buɗe a Kano a farkon 2023, ofishin shugabar ma'aikata ta tarayya kuma ya sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin daina yawo da fayil ɗin takarda a ma'aikatu. Hanya dai an kama ta.

Abin da ke hana ni barci shi ne makulli. Ku bari in faɗa muku yadda abin ke faruwa a ƙasa, don ba na jin yana zuwa teburinku a rubuce. Za a ba ɗan kwangila aikin manhaja, shi zai je ya buɗe asusun gajimaren da sunan kamfaninsa, da imel ɗinsa, da katin bankinsa, shi zai yi rajistar adireshin shafin, shi kaɗai ke da kalmar sirrin babban mai kula, ainihin rubutun manhajar kuma yana cikin laftof ɗin wani yaronsa. Ranar ƙaddamarwa a yanka ribon a ɗauki hoto a ci shinkafa kowa ya watse, mu ma'aikatan sashen a ba mu wani ɗan ƙaramin akawun da ba ya iya komai sai ƙara suna da goge suna. Shekara na zagayowa a canza shugaban hukuma, ko a riƙe wa ɗan kwangilar cikon kuɗinsa, sai kawai a wayi gari shafi ba ya buɗuwa. Na ga wannan da idona a wurin da na yi aiki, muna zaune da bayanan mutane a wani wuri da ba mu da ikon shiga, darakta na ta bugun wayar mutumin da ya daina ɗauka, jama'a kuma sun yi layi a waje suna zaginmu, kuma wallahi suna da gaskiya.

A da, da sabar ke ɗakinmu, ko ɗan kwangila ya yi fushi ya tafi, injin na nan muna kallonsa, za mu iya kiran wani ya zo ya ciro faifan ya kwato abin da ke ciki. A gajimare babu abin da za ka kama da hannu. Wanda ke riƙe da babban asusu shi ne mai bayanan, ko da hatimin gwamnati ne a saman shafin. Kamar mutum ne ya gina gida da kuɗinsa ya tare da iyalinsa, amma takardar fili da makullin ƙofar waje suna aljihun magini.

Ranka ya daɗe Malam Kashifu, wannan gyaran yana hannunku kuma ba ya buƙatar sabon kasafi. Ai dama ƙa'ida ce hukumomin tarayya su kawo muku ayyukan kwamfutarsu ku tantance kafin a bayar, kuma ku ne ke kula da gov.ng, adireshin intanet na hukumomin gwamnati. To dan Allah ku mayar da shi sharaɗi, duk aikin da za a ɗora a gajimare a buɗe asusun da sunan hukumar, da imel na gov.ng, babbar kalmar sirri ta zauna a hannun ma'aikatan gwamnati aƙalla biyu masu albashi da lambar fayil, shi ɗan kwangila a ba shi izinin shiga na iya lokacin aikinsa, yana gamawa a rufe. Rubutun manhajar da bayanin yadda aka haɗa ta a miƙa su, a gwada a gani suna tashi a hannun ma'aikatanmu ba tare da shi ba, sannan a biya shi kuɗin ƙarshe. In ba a ga wannan a takardar kwangila ba ku ƙi sa hannu. Jihohi kuma ko da ba ku da ikon tilasta musu, ku fitar da samfurin takardar kwangilar a fili kowa ya kwafa, da yawa daga daraktocinmu ba mugunta ce ke sa su sa hannu a kan abin da zai cuce mu ba, ba su san abin da ya kamata su nema ba ne.

Amma riƙe makulli ba shi da amfani in mai riƙon bai iya buɗe ƙofar ba, nan ne maganar ma'aikata ta shigo, kuma ita ce ta fi ci min rai. Kuɗin horaswa na cikin kusan kowace kwangila, amma wa ke tafiya? Oga ne da wanda oga ke so, a je otal a Legas ko Dubai a yi kwana biyar a dawo da jaka da satifiket, yaron da zai zauna gaban kwamfuta ƙarfe biyun dare yana nan bai san ma an yi ba. Muna da yara masu kaifin ƙwaƙwalwa a sassanmu, wasu da datar aljihunsu suke koyon aikin gajimare a YouTube, suna tara kuɗi su zana jarrabawar ƙwarewa da dala, in sun samu kuma banki ko wani kamfanin waje ya ɗauke su, don albashin mataki na 8 ba zai riƙe wanda ya iya wannan aikin ba, kowa ya san haka. Ba na ganin laifin wanda ya tafi. Roƙona a horar da mutum huɗu inda ake buƙatar biyu, a biya musu kuɗin jarrabawa, a yi musu alawus na musamman kamar yadda ake yi wa wasu sana'o'in a gwamnati, kuma a sa su cikin aikin ƙaurar tun ranar farko suna zaune kusa da ɗan kwangila suna taɓawa da hannunsu. Wanda aka kira ranar miƙa aiki kawai aka ba shi littafi mai shafi 200 bai koyi komai ba.

Sai kuɗi. Tsarin kasafinmu ya saba da sayen kaya, a sayi saba sau ɗaya a manyan ayyuka a manta da ita shekara bakwai. Gajimare haya ce, kowane wata bil na zuwa, kuma kamfanin ba ruwansa da cewa ba a saki kuɗin zangon farko ba ko fayil na ofishin akanta, in ba a biya ba za su yi gargaɗi su dakatar da asusu, in aka daɗe su goge. Sannan manyan kamfanonin nan, Amazon da Microsoft da Google, da dala suke lissafin farashinsu. A watan Mayun 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, to hukumar da ta yi kasafin hayarta a farkon 2023 ta ina za ta cike wannan ramin? Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa a taro, shigar da bayanai kusan kyauta ne, fitar da su ne ake caji, ga sabobin gwaji da ake kunnawa a manta da su suna cin kuɗi dare da rana ba mai amfani da su. Ya kamata ofishin kasafi ya ware layi na musamman na hayar gajimare a kuɗaɗen yau da kullum, a ɗauke shi kamar albashi, abin da ba a jinkirtawa, kuma duk wata wani ma'aikaci ya zauna ya karanta bil ɗin layi-layi.

Wani abin da nake so manyanmu su ji da kyau, gajimare ba ya gyara manhajar da aka rubuta ba daidai ba. Mu tuna ranar 25 ga Fabrairun 2023. Shafin IReV da hukumar zaɓe ke ɗora sakamakon rumfuna a kai, a kan gajimare yake, sakamakon 'yan majalisa na hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa har dare, kuma bayanin da INEC da kanta ta bayar daga baya shi ne matsalar daga yadda aka tsara manhajar take, ta kasa gane inda za ta ajiye sakamakon shugaban ƙasa. Ba siyasa na kawo ba, kowa da ra'ayinsa kan wannan zaɓen, abin da nake nunawa shi ne kuskure ɗaya a saiti ya jawo wa ƙasa rashin yarda da har yau ba a gama wanke shi ba. Haka JAMB a 2025, gyaran manhaja da bai isa wasu sabobi ba ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, sai da aka sake musu jarrabawa, Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye yana ba da haƙuri. Waɗannan hukumomi ne masu kuɗi da ƙwararru fa. To ina ga ƙaramar hukumar da za ta ɗauki manhajar da aka rubuta tun 2010, wadda wanda ya rubuta ta ma ba a san inda yake ba, ta jefa ta gajimare haka nan da duk ramukanta? A ɗakinmu aƙalla ba kowa ke iya kaiwa gare ta ba, a intanet kuwa masu kutse na duniya gaba ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin a taɓa komai kowace hukuma ta zauna ta rubuta manhajojin da take da su, wa ya rubuta, wa ke amfani da ita, da wace take magana, za ku sha mamakin yawan waɗanda ba mai buɗe su, waɗannan a kashe su kawai, wasu a sake rubuta su, kaɗan ne za a iya ɗauka yadda suke. Kuma a gwada da cunkoso irin na ranar rufe fotal ɗin ɗaukar aiki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar kwafin ajiya kuma ina roƙonku ku karanta abin da ya faru a Koriya ta Kudu ranar 26 ga Satumban 2025. Gobara ta tashi daga batira a cibiyar bayanan gwamnati da ke Daejeon, ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya, wani rumbun da ma'aikata ke ajiye fayilolinsu mai ɗauke da kimanin terabayit 858 ya ƙone, kuma babu kwafinsa a ko'ina don an ce ya yi girma da yawa. Koriya fa, ƙasar Samsung. Wata guda ma ba a cika ba, ranar 20 ga Oktoba, cibiyar Amazon ta Bajiniya a Amurka ta samu matsala manhajoji da yawa a duniya suka tsaya na sa'o'i. Duk inda aka tara komai wuri ɗaya haka na iya faruwa, na gwamnati ne ko na kamfani. Tunda Allah ya sa muna da Abuja muna da Kano, duk abin da ke ɗaya ya kasance yana ɗaya, abubuwa masu nauyi irin su albashi da fansho da rajistar filaye kuma a ƙara musu kwafi na uku a wani wuri daban da ba ya jone da sauran. Sannan a riƙa gwada dawo da shi. Kwafin da ba a taɓa gwada buɗe shi ba ni ban yarda akwai shi ba, mun sha ganin ana cewa akwai, ranar buƙata a tarar fanko ne tun watanni.

A ina bayanan za su zauna, wannan ma tambaya ce da ake tsallakewa. Manyan cibiyoyin Amazon da Microsoft da Google mafi kusa da mu a nahiyar nan suna Afirka ta Kudu ne, Kef Tawun da Johannasbag, in ba can ba sai Turai. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, kowa ya ga yadda bankuna suka rikice, kuma gyaran ya ɗauki makonni. In a ranar rajistar asibitocinmu na Turai fa? Ga kuma dokar da Amurka ta yi a 2018 wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko a wace ƙasa suka ajiye su. Shafin da ke ɗauke da sanarwa da fom ɗin saukewa a sa shi ko'ina, ba matsala. Amma NIN da hoton yatsu da bayanan lafiya da na tsaro su zauna a gida, manufar 2019 ma ta rarraba bayanai gida-gida saboda wannan, matsalar ita ce a ofisoshi da yawa ba wanda ya taɓa zama ya ce wannan fayil ɗin na wane gida ne. Kuma ajiyewa a gida kaɗai ba ta isa ba, a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna yadda wasu shafuka ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100. Dokar kare bayanai ta 2023 na nan, hukumar kare bayanai ta NDPC na nan, a sa su a tebur tun kafin a fara, kuma duk wanda ya buɗe bayanin wani a manhajar gwamnati ya bar sawu, a san waye, yaushe, don me.

Ku kuma 'yan uwa na Galaxy Backbone, in za a ce hukumomi su kawo muku kayansu to nauyi ya hau kanku na ku sa su zo da son ransu. Ku riƙa wallafa wa jama'a duk wata awa nawa sabis ɗinku ya tsaya da dalili, farashinku ya fito fili da naira, a samu wanda zai ɗauki waya daren Asabar da ranar Sallah, kuma duk hukumar da ta ga za ta koma wani wuri ku miƙa mata bayananta cikin tsarin da kowa zai iya karantawa ba ja-in-ja. Akwai kamfanonin cikin gida masu cibiyoyi masu kyau a Legas, a bar su su yi gasa da ku, mu ne za mu amfana.

Sai abin da ya shafe mu nan arewa kai tsaye. Gajimare sai da intanet, intanet sai da wuta. Wanda ke zaune a Maitama yana tsara manhaja yana ɗauka kowa na da faiba, wayar intanet mai sauri, alhali ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma da wayarsa yake jona kwamfutar ofis, da datar da ya saya da kuɗinsa, wani lokacin sai ya fita bakin titi sabis ke kamawa. A Satumban 2021 an rufe layukan waya gaba ɗaya a Zamfara saboda tsaro, aka bi da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, makonni ana haka. A Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A irin waɗannan ranakun asibiti ba ya rufewa, ana haihuwa ana mutuwa, tsoho ɗan fansho da ya biya kuɗin mota daga ƙauye don a tantance shi ba zai gane "netwok ba ya yi, ka dawo gobe" ba, kuma bai kamata a ce masa haka ba. Duk manhajar da za a yi aiki da ita a ƙaramar hukuma ko asibitin karkara a rubuta ta yadda za ta karɓi aiki ko babu intanet, ta ajiye, in sabis ya dawo ta tura. Masu aikin rigakafi da ƙidaya sun daɗe suna aiki da irin wannan a waya, ba sabon abu ba ne. A haɗa da sola da kuɗin data a cikin kasafin aikin, kar a bar wa ma'aikaci.

Kuma dan Allah a bi a hankali. A fara da imel da shafukan sanarwa da tafiyar fayil tsakanin ofisoshi, a ga yadda abin ke tafiya, ma'aikata su saba. Albashi da fansho su zo ƙarshe, in an zo kansu kuma a bar tsohon tsari da sabo su yi tafiya tare na wasu watanni ana gwama lissafi suna da suna, kar a kashe tsohuwar saba sai an ga ba wanda ya faɗo. Kuskuren layi ɗaya a nan yana nufin wani magidanci bai ga alat ba, ga kuɗin makaranta ga mai shago na jira, kuma gyara suna ɗaya da ya ɓace na iya cin wata uku na zirga-zirga.

Abu na ƙarshe da nake roƙo, NITDA ta fitar da jerin hukumomin da suka riga suka ƙaura, a rubuta a gaban kowace inda bayananta suke, da sunan wa aka buɗe asusun, da ranar ƙarshe da aka gwada dawo da kwafin ajiyarta. Ku aiko wa sassan kwamfuta fom ɗin kai tsaye mu cike da hannunmu, kar ya bi ta hannun 'yan kwangila.

Na gode da lokacinku, Allah ya yi mana jagora.

Naku,
Wani ma'aikacin sashen kwamfuta, daga arewa.